Aikin haɗa shafin intanet a Damagaram: kar ka yi aikin kuma ka ranta wa mai aikin kuɗi

Akwai wani ƙanena a nan Zango da na koya wa haɗa shafukan intanet, shekaranjiya da dare ya same ni a fada muna shan shayi, ya zauna shiru kamar mara lafiya, sai da na matsa masa sannan ya ce Yaya wallahi wata huɗu kenan da na gama wa wani Alhaji aiki, shafi ya hau yana aiki, har ya sa an rubuta adireshin a allon shagonsa, amma ni ko dala ban sake gani ba bayan jikka 30 ɗin da ya ba ni ran farko. Na ce nawa kuka yi ciniki, ya ce jikka 200. Na ce sunan shafin da masaukinsa da kuɗin wa aka saya, ya ce da nawa. Forfe ɗin da ka yi wata biyu kana ƙonawa fa? Nawa. Na ɗauki takarda muka yi lissafi a wurin a hasken talho, sai ga shi abin da ya fita daga aljihunsa ya haura jikka 30 ɗin da aka ba shi, wato ba ma maganar ladan aikinsa ake ba tukuna, shi ne ma ya ranta wa Alhajin da ya fi shi ƙarfi sau ɗari, kuma ba takarda ba shaida ba ranar biya.

Wannan abu ne ya fi komai cin yaranmu a wannan sana'a, kuma ya ci ni ni ma a baya. Mutane suna ɗauka matsalar ita ce samun masu ba da aiki, to samun aikin ma da wuya amma wanda ya samu aiki ya yi shi da bashi gara wanda bai samu ba, don shi aƙalla bai yi asarar kuɗinsa da lokacinsa ba.

Bari in fara da yadda kuɗin yake tafiya, don mafi yawan masu ba mu aiki ba su san shi ba, kuma laifinmu ne da ba mu zaunar da su mu yi musu bayani. Shafi abu uku ne. Akwai suna, wato adireshin da ake bugawa a shiga, mai ƙarewa da .com ko .ne namu na Nijar, kuma wannan suna ba saye ba ne haya ce, shekara-shekara ake biya. Akwai masauki, kwamfutar wani kamfani ce da ke kunne dare da rana a Faransa ko Jamus ko Amurka inda kayan shafin suke zaune, ita ma haya ce. Sai na uku shi ne ginin kansa, hannunka da kanka da idonka. Na farko da na biyu galibi da kati ake biyansu da yuro ko da dalar Amurka (ba dalarmu ta kasuwa ba mai tamma biyar), kuma kamfanin da ke can bai san sai bayan Sallah ba, bai san an yi rasuwa ba, ranar da wa'adi ya cika in kuɗi bai shiga ba shafi ya sauka shikenan. Saboda haka duk lokacin da ka ce wa mai aiki ba komai Alhaji bari in saya daga baya ka ba ni, kai ka tsaya tsakanin mutumin da ba ya jira ko minti ɗaya da mutumin da ba ya sauri, kuma kai ne za ka matsu a tsakiya.

To me ya sa muke yarda? Kunya ce. Ka shiga wurin mutum sa'an babanka, ka durƙusa ka gaishe shi, ya ce ɗana ka je ka fara ai ba za mu ɓata ba, bakinka ya yi nauyi ka kasa cewa ranka ya daɗe sai an ba da abans. Alhali shi wannan Alhajin in zai yi gini bai taɓa tsammanin magini ya sayo siminti da kuɗinsa ba, in ya kai ɗinkin Sallah tela zai karɓi wani abu kafin ya sa almakashi kuma ba wanda ya ce tela ba shi da ladabi. Bambancin kawai shi ne aikinmu ba a ganinsa, ba bulo ba yadi, yaro ne zaune yana danne-danne, sai a ɗauka ba ya cin komai. Ni dai yanzu abin da nake yi, ran da aka kira ni ba na faɗin farashi da baki a tsaye, nakan ce a ba ni kwana biyu in kawo takarda, kuma na lura takardar nan ita ke ɗauke mini nauyin bakin, tunda ba ni ke roƙo ba, ga shi a rubuce kowa ya karanta. Kuma rubuta bashi ba rashin yarda ba ne, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, sau da yawa in na tuna wa dattijo wannan cikin ladabi shi da kansa yake cewa kawo biro.

Takardar ba sai ta yi shafi goma ba, fuska ɗaya ta isa in dai an faɗi gaskiyar abin da ke kawo rigima. Shafin fuska nawa ne, da wane harshe, Faransanci kaɗai ko da Hausa ko da Ingilishi, don kowane harshe aiki ne sabo. Wa zai kawo hotuna da rubutu kuma zuwa yaushe. Gyara sau nawa ne a cikin kuɗin, ni sau biyu nake sawa, na uku da kuɗinsa daban. Nawa ne jimla, kashi nawa za a biya, a wace rana. Sai kuma abin da ba ya ciki, wannan ma ya fi muhimmanci, a rubuta ƙarara cewa zanen tambari ba ya ciki, kula da Facebook ba ya ciki, gyaran kwamfutar buro da firinta ba ya ciki, don wallahi da zarar ka yi wa mutum shafi ka zama mai gyaran duk wani abu mai waya a gidansa. In mai aikin ba ya karatun boko a karanta masa da Hausa gaban mutum biyu, ko ka yi masa saƙon murya a WhatsApp ka jero sharuɗɗan ya amsa da muryarsa cewa ya yarda, ka ajiye saƙon a wani wuri ban da talhon don talho yana ɓata.

Maganar biya kuwa, ƙa'idata ita ce kuɗi ya riƙa tafiya gaban aiki da taki ɗaya. Kuɗin suna da masauki da duk wani abin da za a saya a waje, kamar rigar WordPress ta kuɗi (shiryayyen fasalin shafi da ake saye), wannan gaba ɗaya ake ba da shi tun farko, ba ya cikin ciniki ma. Ladan aikin kuma in ƙarami ne rabi kafin a fara rabi kafin a miƙa, in babba ne a kasa uku. Kuma kalmar nan kafin a miƙa a nan ne ƙanena ya faɗi. Ya gina shafin kai tsaye a kan sunan Alhaji, ya buɗe shi ga duniya, ya ba da lambobin sirri, sannan ya koma yana jiran cikon kuɗi, to mutumin da kayansa ke hannunsa me zai sa ya yi sauri? A gina a wurinka, a kan kwamfutarka ko wani adireshin gwaji naka, ka je ka nuna masa ya taɓa ya gani ya ce ya yi, ciko ya shigo, sannan a ɗora. Tela ma yana bari ka gwada riga a shago amma ba ka fita da ita.

Abans ɗin kuma ba naka ba ne tukuna, wannan sai an yi haƙuri da shi. In ka karɓi jikka 100 yau ka kashe a bikin aboki, gobe kwamfutarka ta ƙone don kuran ya dawo da ƙarfi, ko zafin watan Afrilu ya kashe batir, to ga aikin mutane a wuyanka ga ba abin mayarwa. Ni nakan raba, kuɗin da na gama aikinsa daban wanda ban gama ba daban, kuma kowane dare ina kwafe aikin zuwa wani wuri na biyu.

Yanzu ga inda muke saɓani da wasu abokan sana'a, kuma zan faɗi ra'ayina ko ba za su ji daɗi ba. Da yawa suna sayen sunan shafi da sunansu da imel ɗinsu da gangan don ya zama igiya a wuyan mai aiki, in bai biya ba su rufe, wasu ma har ƙofar baya suke bari a cikin shafin don su shiga su goge. Ni ban yarda da wannan ba. Sunan kasuwancin mutum nasa ne, da sunansa da imel ɗinsa ya kamata a yi rajista tunda kuɗinsa ne ya saya, kai dai a ba ka izinin shiga ka yi aiki. In ka riƙe, ranar da ka yi tafiya ko ka kwanta ciwo ko Allah ya yi maka rasuwa dukiyar bawan Allah ta maƙale, kuma mayar da suna daga hannu zuwa hannu ba abin minti biyar ba ne, sabon suna irin .com ma sai ya yi kwana 60 kafin a iya ɗauke shi zuwa wani kamfani. Shiga shafin da ka riga ka miƙa ka lalata shi kuwa ya wuce rigimar bashi, Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019 wadda ta haramta shiga na'urar wani ba izini da ɓata bayanansa, sai ka tashi daga mai bin bashi ka koma wanda ake tuhuma. Ga shi Damagaram ƙaramin gari ne a wajen labari, abin da ka yi wa mutum ɗaya a Birni kafin la'asar an ji shi a kasuwar Dole. Ƙarfinka yana kafin miƙawa, a nan za ka tsaya da ƙafarka, bayan miƙawa sai hanyar lalama da ta shari'a.

Wani abin da ke cinye riba a hankali ba a ji shi ne ɗan ƙara mini. Na taɓa yi wa wata makaranta mai zaman kanta shafi, ba zan faɗi suna ba, mun gama komai da mai lakwal ɗin ya ce ya yi kyau Allah ya yi albarka, saura ciko kawai, sai ɗansa ya dawo hutu daga karatu a waje ya zauna ya buɗe shafin a gabana yana jan yatsa a kan gilashi yana cewa wannan launin ya tsufa, a sa wurin da iyaye za su biya kuɗin lakwal, a sa wurin duba sakamako kowane ɗalibi da lambarsa. Uban ya juyo ya ce to ɗana ka ji, ɗan gyara ne. Abin da yaron ya lissafa a minti biyar ya fi duk aikin da na yi a wata biyu girma, kuma na karɓa saboda kunya, na yi wata uku a kai, ban samu ko dala a kan ƙarin ba. Tun daga ranar nake rubuta sunan mutum ɗaya tak a takarda wanda shi ke da ta cewa, kuma duk abin da aka ce a ƙara amsata ɗaya ce, to madalla ana iya yi, bari in kawo farashinsa gobe. Rabin buƙatun da kansu suke mutuwa in aka ji suna da kuɗi. Haka kuma wanda zai ɓace da hotuna da rubutu wata uku sannan ya dawo ya ce jibi yake so, a sa a takarda cewa in aka yi kwana 30 shiru aiki ya tsaya, a biya abin da aka yi zuwa nan, ci gaba kuma sai ka samu sarari.

Aikin ƙungiyoyi da ma'aikatu daban yake, kuɗinsa ya fi kauri amma jiransa ya fi tsawo. Can ba a biya da baki, sai faktir mai lambar NIF (lambar shaidar mai biyan haraji) da rajistar kasuwanci da kashe (hatimi), dosiye ya bi buro-buro, wani lokaci sai an aika Yamai an sa hannu. Wanda ba shi da takardu sai ya ara na wani, wancan ya ci kasonsa, kuɗin kuma ya faɗa asusun wani ba naka ba, in ya ga dama ya juya su wata biyu. Gara ka yi naka takardun ko da kana ganin kai ƙarami ne, dokar OHADA ma, wato dokar kasuwanci ta bai-ɗaya da Nijar ke bi tare da wasu ƙasashen Afirka, ta tanadi matsayi mai sauƙi don ƙananan masu sana'a tun gyaran 2010. Kuma ka tambaya tun kafin sa hannu, farashin nan da haraji a ciki ko babu, don TVA, harajin da ake ɗorawa kan farashi, a Nijar kashi 19 cikin ɗari ne, in ka yi shiru aka ɗauka yana ciki to daga ladanka zai fita, sannan wasu wuraren suna cire wani kaso na impo tun daga tushe kafin su ba ka, ka nemi takardar shaidar abin da aka cire ka ajiye. Mafi haɗari a nan shi ne ɗan tsakiya, wanda ya ci kwangila a Yamai ya turo maka aikin ya ce in an biya ni zan biya ka. Kai ba ka san ranar da aka biya shi ba, ba ka da wanda za ka tambaya. Cinikinka da shi ne, ranar biyanka kuma a rubuta ta da kwanan wata ba da sharaɗin wani can ba.

Mu da muke kusa da iyaka muna samun aiki daga Kano da Daura da Katsina, kuma a nan canji yana iya cinye mutum yana barci. Sefa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 kowane yuro ɗaya tun 1999, saboda haka masaukin da ake biya da yuro ka san kuɗinsa bana ka san na baɗi in dai kamfanin bai ƙara ba. Naira ba haka take ba, tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 dalar Amurka ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1500 a farkon 2024, wanda ya yi ciniki da naira a lokacin ya jira ciko wata shida ya san abin da ya gani. Ka yanke farashi da sefa, in zai biya da naira a lissafa da canjin ranar biya. Kuma ko ta Nita ce ko Al Izza ko Amana ko Airtel Money, hoton rasi da aka turo a WhatsApp ba kuɗi ba ne, saƙon da ya shigo talho ma ana ƙirƙirarsa, ka duba asusunka da kanka ko ka je ka karɓa a hannu. Wanda ba ka taɓa gani ba ya ce ya yi kuskure ya turo fiye da ƙima ka mayar masa da ragowar, kar ka mayar da komai sai ka ga kuɗin da idonka, tsohuwar damfara ce.

Shekarar 2023 ɗin nan ta koya mana wani abu kuma. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin CEDEAO (ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma) ya sauka Najeriya ta yanke kuran, mu kuma nan wutarmu ta layin Katsina take zuwa, iyaka ta rufe, cire kuɗi a banki ya yi wuya, har zuwa Fabrairun 2024 da aka ɗage. Wanda ya yi alkawarin gama aiki a sati uku ya koma neman inda zai yi cajin kwamfuta. Tun lokacin nake ƙara kwanaki a kan duk wa'adin da zan bayar, nake kuma rubuta cewa ɗaukewar kuran ko rezo na kwanaki yana ɗage wa'adi ba tare da an rage mini kuɗi ba, man gurup ma ina sa shi a lissafi.

In duk an yi wannan mutum ya ƙi biya fa? Matakin farko namu na gida ne kuma yana aiki fiye da yadda matasa suke zato, a samu babban da yake jin nauyinsa, limamin unguwa ko mai unguwa ko wanda ya haɗa ku, a zauna. In ta ƙi, a rubuta masa takardar tuni mai kwanan wata da wa'adi. Bayan nan akwai kotu, ƙasashe 17 na OHADA har da Nijar suna da gajeriyar hanya ta neman alƙali ya ba da umarnin a biya, amma sharaɗinta bashin ya zama tabbatacce, an san adadinsa, lokacin biyansa ya yi, kuma ya fito daga yarjejeniya, ka ga kenan wanda ba shi da takarda tun a ƙofa zai tsaya. Sai dai kuma a auna, bashin jikka 40 bai kai zirga-zirgar kotu da kuɗin takardu ba, shi ya sa abans ya fi kowane alƙali sauƙi.

Saura sabuntawar shekara, wadda kusan kowa yake mantawa da ita ranar ciniki. Wata goma sha biyu suna cika kamfani zai nemi kuɗi, mai shafi ya ce ai na biya ka tun bara. In sunan .com ya faɗi akwai ɗan lokacin da za a iya sabunta shi, bayan nan ya shiga kwana 30 na fansa da kuɗi mai tsada sosai, in ya wuce kowa a duniya yana iya ɗauka. A faɗa tun ranar farko, a rubuta kuɗin shekara da ladan kulawa, a tuna masa saura wata ɗaya, kuma kar ka bar katinka a maƙale yana biya da kansa don shafin wani.

Jiya bayan azahar na raka ƙanen nawa shagon Alhajin. Mun gaisa, na ajiye takardar lissafin nan da muka yi a fada na ce ranka ya daɗe ga abin da yaron nan ya kashe daga aljihunsa, ga kuma ranar da masaukin zai nemi sabon kuɗi. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa, ya ce shi wallahi ya ɗauka abin kyauta ne a intanet, ba wanda ya gaya masa ana biyan haya. Ya ƙirgo jikka 70 a take, sauran 100 muka rubuta kashi biyu ƙarshen wannan wata da na gaba, yaron shagonsa da ni muka sa hannu a matsayin shaidu, sunan shafin kuma ranar Asabar za mu zauna mu mayar da shi kan imel ɗin Alhaji.